Hadiza Uku a Aji Ɗaya

Kuskuren da aka yi wa yaro ranar da aka rubuta sunansa a ajin CI ba ya nuna kansa a wannan shekarar. Yakan kwanta shiru cikin rajista, ya bi yaron aji-aji, shekara shida a firamare, huɗu a kolej, sai lokacin da ake haɗa takardun masu zana jarrabawar BEPC ya miƙe tsaye. Nan za a tarar takardar haihuwa ta ce Mahamane, ta makaranta ta ce Mamane. Ɗaya ta ce an haife shi a 2009, ɗayar ta ce 2010. Uba ya bar sana'arsa ya shiga zirga-zirga tsakanin makaranta da ma'aikatar magajin gari da kotu, kuɗin kabu-kabu na ta fita daga aljihun da ba shi da zurfi. Wani a gyara masa cikin lokaci, wani kuwa shekarar ta wuce shi. In yarinya ce, mu da muka koyar a karkarar Magarya da Dungas mun san abin da zaman gida na shekara guda kan jawo: kafin a koma makaranta an sa rana.

Ni malamin firamare ne. Na yi horon koyarwa a makarantar Askia Mohamed ta Damagaram, na fara aiki a wani ƙauye na yankin Dungas tun ana lissafa shi cikin Magarya, yanzu kuma ina cikin garin Magarya. A wurin horo an koya mana riƙon rajista kamar yadda aka koya mana riƙon alli: a ja layi da rula, kada a kankare, in an yi kure a soke da layi ɗaya yadda na ƙasa zai karantu. Har gobe ina ganin girman wannan aiki, kuma babban littafin rajista shi ne abin da hukuma ta sani. Sai dai littafi ba ya amsa tambaya. In sufeton makarantu ya aiko yana son sanin yara mata nawa ne a CM1 suka haura shekara 12 ba su da takardar haihuwa, sai mutum biyu su zauna suna bin layi da yatsa har la'asar, in suka sake ƙirgawa adadin ya canza. Ga gara, ga yoyon rufi da damina.

Da kwamfuta ta shigo hannunmu kowa ya ruga wa Excel, kuma ba laifi, ya rage wahala. Amma bayan shekara biyu sai ka tarar da jerin ɗalibai kala-kala: ɗaya a kwamfutar darakta, ɗaya a kile ɗin malamin CM2, wato filash a bakin ƴan'uwanmu na Najeriya, ɗaya kuma an tura shi ta WhatsApp an gyara a waya an dawo da shi da sabon suna. Wanne ne na gaskiya? Kowa ya ce nasa. Sannan Excel akwai karambani. Ka rubuta lambar takarda 0047, ya cinye sifilin gaba ya bar maka 47. Ka rubuta 03/04 a kwamfutar da aka saita da Faransanci ya ɗauka 3 ga Afrilu, a wadda aka sayo daga Kano da saitin Amurka ya ɗauka 4 ga Maris. Ba ya hana ka rubuta yaro ɗaya sau biyu, ba ya kuma ɗaga gira in ka ba shi maki 17 a jarrabawar da ake yi bisa 10.

Wani tsohon ɗalibina da ya karanci ilimin kwamfuta a Damagaram shi ya nuna mini bakin zaren. Ya ce, “Mushe, Excel allo ne, duk abin da aka rubuta masa karɓa yake. Ku nemi abin da zai iya ce muku a'a.” Ya faɗa mini sunan abin, ya rubuta mini umarni ƴan kaɗan a takarda, ya koma bakin aikinsa. Sauran na bi a hankali cikin babban hutu na 2024, ina karanta bayanin Faransanci a waya, in na maƙale na kira shi.

Abin shi ne rumbun bayanai mai alaƙa, kuma tunaninsa ya girme ni. Edgar Codd, masanin lissafi ɗan Ingila da ke aiki a kamfanin IBM a Amurka, shi ya fito da shi cikin wata maƙala a 1970. Gundarin zancen shi ne kowace gaskiya a rubuta ta sau ɗaya a wuri ɗaya, sauran wurare su riƙa nuna ta da lamba. Misalin da ya sa na gane shi a ƙofar gidanmu yake. A 2011 aka yanke Dungas daga Magarya ta zama gunduma ta kanta, ta tafi da ƙananan hukumomi huɗu: Dungas, Dogo-Dogo, Gouchi da Malawa. A littafi, duk yaron da aka rubuta gundumarsa Magarya alhali ɗan Dogo-Dogo ne, sai an bi shi layi-layi an gyara, kuma ba mai wannan lokacin, shi ya sa aka bar su haka. A rumbu mai alaƙa kuwa, jadawalin ɗalibai ba ya ɗauke da sunan gunduma ko kaɗan. Lambar ƙaramar hukuma kawai yake ɗauke da ita, ita kuma ƙaramar hukumar tana wani jadawalin daban inda aka rubuta gundumarta. Ka gyara layi huɗu, yara ɗaruruwa sun gyaru. Haka maki yake da jadawalinsa, azuzuwa da nasu, iyaye da nasu, duk a ɗaure da lamba.

Kwamfutar da muka ware wa aikin tsohuwar laftof ce ta gwanjo, irin waɗanda ake kawowa daga Kano, da Windows 7 a kanta, wadda Microsoft ya daina yi wa facin tsaro tun Janairun 2020. Na share ta na ɗora mata Debian 12. Debian babbar manhaja ce da aka gina kan Linux, wanda Linus Torvalds ya fara yana ɗalibi a Finlan a 1991. Ita kuma tun 1993 ƴan sa-kai ne ke riƙe da ita daga ƙasashe daban-daban. Ba a sayen lasisi, ba a neman lambar sata a kasuwa, duk mai so yana iya duba yadda aka rubuta ta. Abin da ya fi burge ni da ita rashin rawar kai: ba ta tashi da kanta tsakar dare ta cinye maka data da sunan sabuntawa. Wanda ya fi sabawa da Ubuntu ya yi da ita, daga Debian aka tsago ta, umarninsu kusan ɗaya ne. Manhajar rumbun kuma na ɗauki PostgreSQL, wadda asalinta aikin bincike ne da Michael Stonebraker ya jagoranta a jami'ar Berkeley tun 1986. MariaDB ma za ta yi aikin. Ba na cikin masu musu a kan wannan kamar musun ƙwallo.

Ɗora manhajar shi ne mafi sauƙi a cikin aikin gaba ɗaya. Na jona laftof da intanet ɗin wayata bayan isha'i, na buɗe abin da ake rubuta umarni a kansa, wanda dai baƙin allo ne, ga shi kuwa ni da baƙin allo mun daɗe tare. Na rubuta apt-get update, sannan apt-get install postgresql. Kafin shayi ya huce PostgreSQL 15 ta sauka, ta ƙirƙiri mai kula da ita mai suna postgres, ta buɗe rumbu na farko, ta zauna tana saurare a ƙofa mai lamba 5432. Ga wata ƴar dabara ga masu ƙarancin data: in ka yi amfani da apt-get, fayilolin da aka sauko da su suna nan a ajiye cikin /var/cache/apt/archives, alhali apt zalla share su yake bayan ya gama. Na kwashe su a kile na aika wa wani abokin aiki a yankin Dungas inda layi ke wuya, ya ɗora a tasa Debian 12 ɗin ba tare da ya kashe ko dala ba.

Abin da ya ci mini hutun shi ne saiti, domin manhajar ba ta san Magarya ba, sai ka koya mata.

Farko haruffa. Da ka shiga da sudo -u postgres psql, rubuta \l ka duba gurbin da ke nuna tsarin haruffan rumbun. In ka ga UTF8, alhamdu lillahi. In ka ga LATIN1 ko SQL_ASCII, dakata, kada ka zuba ko suna ɗaya. LATIN1 ya san é da ç na Faransanci, bai san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. SQL_ASCII kuwa haɗiye komai yake ba tantancewa, sai ranar da ka zo fiddawa ka ga shirme. Ba a kuma canza wannan tsari bayan an kafa rumbu, sai dai a kwashe kaya a sake gini. Tsofaffin darussan Faransanci da ke yawo a intanet da yawa ba su damu da zancen ba, don harshensu ya samu shiga. MySQL ma sai a fitowarta ta 8.0, a 2018, ta bar latin1 a matsayin saitin asali. Mu kuwa mun san tazarar da ke tsakanin baki da baƙi. Tunda kundin da aka amince da shi a 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, ranar da za a nemi jerin sunaye da rubutun Hausa tana tafe, kuma ban so ta riske mu da rumbun da ke mai da Ɗahiru alamar tambaya.

Bayan adanawa akwai jerawa. In aka bar rumbu ba tsarin wani harshe, duk sunan da ya fara da harafi mai lanƙwasa sai ya faɗa can ƙasa bayan z, ka nemi Ƙasimu cikin ƴan k ka rasa. PostgreSQL tana zuwa da tsarin jeri na harsuna masu yawa, har da na Hausa, sunansa ha-x-icu. Da na ɗora shi kan gurbin suna, ƙ ya zauna bayan k, ɗ bayan d, sh da ts suka zama haruffa masu zaman kansu kamar yadda muke koyarwa. Har ma ya san ƴ da muke rubutawa a Nijar da 'y da ake rubutawa a Najeriya wuri ɗaya suke zama. Ban san wanda ya zauna ya yi wannan aiki ba balle in gode masa, amma ya yi wa harshen hidima.

Sai suna kansa. Na yi wa kowane yaro gurbin suna biyu. Na farko shi ne sunan kamar yadda yake a takardar haihuwa, harafi da harafi, ko da ma'aikacin da ya rubuta shi ya karkata; wannan shi ke fita a duk takardar da za ta bar makaranta, kuma darakta kaɗai ke iya taɓa shi. Na biyu shi ne sunan da ake kiran yaro da shi, da rubutun Hausa. Dalili kuwa, mu mutanen bakin iyaka ne. Yaron da iyayensa suka yi zama a Kano ko Maigatari suka dawo, takardar da ya zo da ita ta ce Usman, ta nan ta ce Ousmane. Aisha can, Aïchatou nan. Yusuf da Issoufou, Muhammad da Mahamadou da Mahamane da Mamane da Maman, duk mutum ɗaya na iya amsa su. A ɗaya ɓangaren kuma, na taɓa riƙe ajin da ke da Hadiza uku, uban kowace sunansa ɗaya, biyu daga cikinsu takarda ta ce rana ɗaya aka haife su. A aji ba matsala, akwai babba da ƙarama da ta bakin taga. A takarda fa?

Saboda haka suna ba zai zama shaidar mutum a rumbu ba. Kowane yaro rumbu ke yanka masa lamba ranar da ya shigo, ba ta canzawa, ba a sake ba wani ita ko ya bar makaranta. Abin da na hana maimaitawa shi ne lambar takardar haihuwa haɗe da shekararta da wurin da aka bayar da ita. In wani ya zo zai shigar da takardar da ke ciki tuni, rumbu ya ƙi. Don kamo waɗanda aka riga aka rubuta sau biyu da rubutu daban, akwai ƙarin kayan aiki guda biyu da ke zuwa tare da manhajar, unaccent mai sauke wasullan Faransanci hulunansu, da pg_trgm mai auna kamannin kalmomi ta hanyar yayyanka su harafi uku-uku. Su kan jero maka sunayen da suka yi kama, amma hukunci naka ne. Mamane da Mahamane za su fito tare. Ko yaro ɗaya ne ko ƴan gida biyu, sai an kira malamin ajin, wani lokacin sai an aika gida.

Ranar haihuwa ita ce ta fi ɗaukar mini tunani. Yara da yawa a nan ba a yi musu rajista ba lokacin haihuwa, sai daga baya a nemo takardar kotu da ke maye gurbinta, wadda kowa ya sani da jugement supplétif. A irin waɗannan takardu sau da yawa shekara kawai ake da ita, ita ma kintace ce, sai masu cika fam su liƙa mata 1 ga Janairu. Duba kowane jerin ɗalibai a yankin nan ka ga yawan waɗanda aka ce an haifa ranar sabuwar shekara, ka ce duk matan gari shawara suka yi. Kwamfuta ba ta san wasa ba, in ka ba ta 01/01/2013 ta riƙe shi gaskiya tsantsa. Don haka na ƙara wani gurbi kusa da ranar, mai karɓar amsa uku kacal: tabbas, kintace, ko babu takarda. Ba ya yarda a bar shi fayau.

Wannan ɗan gurbin shi ne ya biya wahalar duka. Yanzu da tambaya ɗaya, layi uku a baƙin allo, sai ga sunayen duk yaran da ba su da takarda, aji-aji, da sunan unguwa da na mai riƙonsu. Muna fidda jerin tun watan Nuwamba mu kai wa kwamitin iyaye, tun yaro yana CE1 da sauran shekaru a gabansa, yadda in an ji labarin kotun tafi-da-gidanka mai bayar da takardu za ta zo, ba sai an shiga kame-kame ba. Haka fam ɗin ƙidayar makarantu na shekara-shekara, mai tambayar maza nawa, mata nawa, shekarunsu, masu maimaita aji, da kan ci mana kwanaki, yanzu aikin zama ɗaya ne.

Abokan aiki ba sa ganin baƙin allo. Na yi musu fam a LibreOffice Base, mai gurabe da maɓallai, yana magana da rumbun ta bayan fage. Makon farko an sha ƙorafi. Wata malama ta same ni ta ce, “Mushe, injinka ya raina ni, na sa maki ya ƙi karɓa.” Muka duba tare, ashe yatsa ne ya zame, 7 ta zama 77. Ta yi dariya ta ce to ai gara shi da wasu, shi a gaban idonka yake ƙin ka. Wani kuma ya so goge wani aji da aka haɗe da wani, rumbu ya hana, domin akwai yara da makinsu a ɗaure da lambar ajin. Ya ji haushi, amma da Excel ne da makin ya bi iska ba wanda ya sani sai ƙarshen zango.

Kafin su iya shiga daga kwamfutocinsu sai da na buɗe ƙofa, kuma nan ne nake roƙon duk mai bin sawuna ya nutsu. Saitin yana cikin fayil biyu a /etc/postgresql/15/main. A postgresql.conf akwai layin listen_addresses, wanda daga farko yake kan localhost, ma'ana rumbu ba ya sauraron kowa sai kwamfutar da yake ciki. Na ƙara masa adireshin laftof ɗin a ɗan layin sadarwarmu na cikin gida, wanda wata ƙaramar rauta ke haɗawa ba tare da intanet ba, sannan na sake tayar da manhajar. Fayil na biyu, pg_hba.conf, shi ne mai gadi: kowane layi a cikinsa yana faɗin wane ne zai shiga, wane rumbu, daga ina, da wace shaida. A gurbin shaida na rubuta scram-sha-256, wato sai da kalmar sirri, ita ma ba a ajiye ta a fili. Za ka ci karo da masu ba da shawara a intanet su ce in abu ya ƙi, ka rubuta trust ka buɗe wa 0.0.0.0/0. Zai yi aiki nan take, ƙwarai kuwa, kamar yadda cire ƙyauren gida ke magance ɓatan makulli.

Kowane malami da sunansa na shiga da kalmarsa ta sirri, ba a aron ta wani. Malamin aji yana iya sa maki da kiran suna, ba ya iya canza ranar haihuwa. Lambobin wayar iyaye da bayanin wane ne maraya, wa ke riƙon wa, suna jadawalin da darakta da mataimakinsa kaɗai ke buɗewa. Wasu sun ɗauka rashin yarda ne. Na ce musu gari ƙarami ne, kuma bayanin gidan mutane amana ce ko ba doka. Ga shi kuwa akwai doka, tun 2017 Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Wannan na cikin dalilan da suka sa ban kai sunayen yaran can wata ma'ajiyar intanet ta ƙasar waje ba, ko da kyauta ce. Ɗayan dalilin kowa ya san shi: ranar da layi ya ɗauke, rajistarka ta tafi da shi.

Zancen wuta kuwa, shi ya sa tun farko na zaɓi laftof a kan babbar kwamfutar tebur da ke ofis. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar, ba a maido ba sai a Maris na 2024, kuma wanda ya ga waɗannan watanni ba zai kafa wani aiki bisa zaton wuta za ta zauna ba. Laftof da batirinta take tafe, in an ɗauke tana ba ka lokacin kashe ta cikin mutunci, kuma ɗan farantin sola ya ishe ta. Abu ɗaya sai ka gaya wa Debian kada ta yi barci in an rufe murfi, ta hanyar sa HandleLidSwitch=ignore a fayil ɗin logind.conf. Ita kanta PostgreSQL tana da nata shirin. Kafin ta taɓa babban jadawali sai ta fara rubuta abin da za ta yi a wani kundi na gefe mai suna WAL, ta tabbatar ya sauka a faifai, kamar ɗan kasuwar da ke rubuta bashi a littafin aljihu nan take, da dare ya kwafe a babban littafi. In wuta ta yanke tsakar aiki, da ta farfaɗo sai ta bi kundin ta ƙarasa abin da aka kammala, ta watsar da wanda aka bari rabi. Saitin da ke tabbatar da wannan shi ne fsync. Akwai masu cewa a kashe shi don ƙarin sauri. Wanda ya faɗi haka ba a Magarya yake zaune ba, kuma rumbun makaranta ɗaya ba shi da nauyin da zai nemi sauri. Abin da na fi tsoro ma shi ne zafin Afrilu da Mayu da ƙurar hunturu, shi ya sa laftof ɗin ke kan bulo biyu iska na ratsa ƙarƙashinta, ana kuma hure mata ƙura lokaci-lokaci.

Duk da haka faifai mutuwa yake, ɓarawo kuma ba ya sallama. Umarnin pg_dump yana kwashe rumbun gaba ɗaya cikin fayil guda, namu bai kai nauyin ɗan bidiyon da ake turawa a WhatsApp ba. Na ɗora aikin a kan anacron maimakon cron, domin cron in lokacinsa ya yi kwamfuta na kashe sai ya tsallake ranar, shi kuwa anacron da an kunna yake rama bashi. Kowace Juma'a ana kwafar fayil ɗin a kile biyu bayan an kulle shi da gpg, ɗaya ya kwana a ofis, ɗaya a gidan darakta. Sau ɗaya a zango kuma nakan ɗauki kwafin in zuba shi a wata kwamfuta in ga ko zai tashi, in ƙirga yara in ga sun cika, don kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, zato ne kawai. Muna kuma buga jerin a takarda farkon shekara da ƙarshenta, a sa hannu a buga hatimi.

Wani abokina darakta ya ce mini wannan duk kashe sauro ne da taɓarya. Yana da gaskiya a wani wurin. Makarantar ƙauye mai aji uku da malami biyu, ba wuta, littafi mai tsabta ya fi mata komai, in ma da kwamfuta ɗaya SQLite ya wadatar, ba sai an kafa uwar garke ba. Abin yana fara biyan kuɗinsa ne inda yara suka yi yawa, hannaye da yawa ke rubutu, ana shigowa ana fita tsakar shekara, kamar makarantun cikin Magarya da Bande da Wacha da garin Dungas.

Inda maganarsa ta fi cizo shi ne da ya tambaye ni, “To in aka yi maka canjin wurin aiki fa?” Malamin gwamnati ba shi da tabbacin damina biyu a wuri ɗaya, kuma dukanmu mun ga kwamfutocin da aka kawo da biki suka koma matattarar ƙura don wanda ya san sirrinsu ya tafi. Abin da na iya yi shi ne na sayi littafi mai shafi 200 na rubuta komai da hannu, Hausa a dama, Faransanci a hagu: yadda ake kunnawa, yadda ake ƙara sabon malami da cire wanda ya tafi, yadda ake maido da kwafi in faifai ya mutu, da dalilin kowane gurbi, musamman na kintace. Kalmar sirrin postgres tana cikin ambulan a liƙe a akwatin darakta. Malamai biyu, ɗaya ƴar kwantaragi ce mai saurin fahimta fiye da ni, suna zama da ni ranar Laraba da yamma, kuma tun watan jiya su ke yin kwafin Juma'a, ni kallo nake. Masu PostgreSQL shekara biyar suke kula da kowace fitowa, ta 15 za su sake ta a Nuwamban 2027. Na rubuta wannan wata da jan biro a shafin farko, da umarnin pg_upgradecluster a ƙarƙashinsa, da gargaɗin a yi kwafi biyu kafin a taɓa shi.